Abin da ya sa muke ɗaure angul ɗin rufi

Ka tambaye ni me ya sa muke ƙarar da ƙarfe wajen ɗaure tiras da tiras ta ƙasa, wato waɗannan haɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da rufi, alhali kowanne ya sha walda mai kyau kuma angul ɗin, ƙarfen nan mai fikafikai biyu kamar harafin L, ba laifi wajen kauri. To yarona, ajiye abin yankan nan ka saurara.

A jikin tiras, wasu ƙarafan jan su nauyi yake yi, wasu kuma danne su yake yi daga kai zuwa gindi. Wanda ake ja ba ya ba mu wahala, ƙara miƙewa ma yake yi. Wanda ake dannewa shi ne abin tsoro, don ba karyewa yake yi ba, gocewa yake yi gefe ya lanƙwashe tun nauyin bai kai abin da ƙarfen zai iya ɗauka ba. Danna dogon karan dawa da tafin hannu ka ga yadda zai yi baka, sannan ka sa wani ya riƙe tsakiyarsa ka sake dannawa. Haka siririn ƙarfe yake: in aka riƙe tsakiyarsa da kyau, yana iya ɗaukar kusan ninki 4 na abin da yake ɗauka a da.

Angul guda ɗaya kuma yana da nasa halin, wanda masu walda da yawa ba su lura da shi ba. Kai kana kallon fikafikansa biyu kana ganin ta nan zai lanƙwashe. A'a, a karkace yake gocewa: ko ya turo ƙashin bayansa waje, ko ya faɗa ta cikinsa. Ta nan ne ya fi rauni. Shi ya sa injiniyoyi suke sa masa iyaka. Angul mai milimita 50 da 50, kauri 5, in shi ke ɗauke da nauyin rufi, kada ya wuce kamar mita 1.75 ba tare da an riƙe shi ba. Mai 40 da 40, kauri 4, wajen mita 1.4. Wannan fa iyakar ƙarshe ce, ba wai a nan ya fi ƙarfi ba. Kuma ka riƙa auna kaurin da kanka, domin abin da ake faɗa a kasuwa ba kullum yake cika ba.

Ga shi kuma ta fiffike ɗaya muke haɗa shi, nauyin bai bi ta tsakiyarsa ba, tun farko ma yana neman murɗewa. Don haka ban yarda da noti ɗaya a bakin angul ba, juyawa zai riƙa yi a kansa. A sa biyu, ko a yi walda mai tsawo a kan filet, wato fallen ƙarfen da ake haɗa ƙarafan a kansa.

Ƙarfen saman tiras, folin da muke ɗora kwano a kai suna riƙe shi, muddin an haɗa su da shi sosai. Na ƙasa da ka tambaya, a ranar da babu iska jan sa ake yi, lafiya lau. Amma ka san guguwar farkon damina. Iska tana shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga rufin sama, kwano kuma ba nauyi, nan take aikin ya juye: na ƙasan ya koma wanda ake dannewa, ga shi dogo, ba abin da ya riƙe shi. Ɗaurin da kake gani kamar asara, don wannan ranar muke yin sa.

Ɗaurin ba sai ya yi kauri ba, ƙarfin da yake tarewa kaɗan ne, bai fi kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na abin da ke danne angul ɗin ba. Amma dole ya ƙare a wurin da ba ya motsi. In ka jera tiras ka ɗaure su da juna kawai, tare za su kwanta gefe ɗaya. Saboda haka gobe in mun hau, za mu fara gicciya ƙarfe a tsakanin tiras biyun ƙarshe na kowane gefe, mu kama su da bim ɗin saman bango, kafin a miƙo mana kwano ko ɗaya.