Ta Ina Zan Fara Saka Ƙauyenmu a Taswira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake kusa da Gadarif, a nan Sudan. Na buɗe OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet, na tarar wurinmu fayau, ko masallaci babu. An ce kowa na iya gyarawa. Da wace manhaja zan fara, ga shi intanet ɗinmu sai a hankali?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya aka faɗa maka. Tun 2004 da Steve Coast ya kafa taswirar nan a Ingila, masu sa kai ne ke zana ta.

Ka fara da iD. Ba a sauke ta, a shafin OpenStreetMap take: ka yi rajista, ka danna maɓallin gyara, hoton tauraron ɗan'adam zai bayyana. Akwai darasin gwaji a ciki, kada ka tsallake shi. A maɓallan kwamfuta, lamba 1 ɗigo ce, don rijiya ko kanti. 2 layi, don hanya. 3 fili, don gini. In ka zagaye ɗaki, danna Q kusurwoyinsa su miƙe. Bukkokin ciyawa irin naku kuwa, O za ka danna su zama da'ira.

Zanen ba wuya. Wurin laƙaba bayani ne sababbi ke tuntuɓe. Hanyar da ba ka haɗa bakinta da babbar hanya ba, ido zai ga kamar sun haɗu, amma manhajar jagora ba za ta bi da kowa ta nan ba. Rafin da ke ƙafewa da rani, ka nuna na damina ne. Sunan da ke rubuce a allon wurin, galibi da Larabci, shi ke shiga gurbin name, na Hausa kuma a name:ha. A nan ka fi wanda ke zane daga Turai: shi rufi kawai yake gani, kai ka san wanne ne makarantar allo, wanne ne injin niƙa.

Kada ka kwafo komai daga Google Maps, lasisinsu bai yarda ba, kuma goge aikin za a yi.

Batun intanet, manhajar JOSM ce maganinsa. A kwamfuta ake saka ta, sai da wata manhaja mai suna Java take aiki. Ka sauke yankinku lokacin da layi ya samu, ka shigar da sunaye ba intanet, ka tura daga baya, sai dai ka fara bari ta tantace kurakurai. Fuskarta ba ta da fara'a, shi ya sa nake cewa hannunka ya faɗa a iD tukuna. In waya kaɗai gare ka, akwai Vespucci a Android.

Da yake tun Afrilun 2023 ƙasar na cikin yaƙi, ka tuna duk abin da ka saka kowa zai gani. Rumbunan hatsi da wuraren da jama'a suka fake, ka shawarci dattawan gari kafin ka saka su, kuma kada ka rubuta sunan mai gida a kan gidansa.