Ga ƙanwarmu mai tambaya kan gwal ɗin mahaifiyarta da zuwa taro

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu da yara suka tafi makaranta na samu zama. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Kin ce an gayyace ki taron marubuta na kwana uku a Abuja, karon farko da za a zaunar da ke a gaba ki yi magana, kuma ranki yana son ki sa kayan da ta bari: saitin gwal na sarƙa da 'yan kunne, awarwaro huɗu, da wani tsohon zoben azurfa. Kina gudun kada ki fito kamar mai zuwa biki, kina kuma gudun su ɓata. Na ga wasu sun ce ki bar su a gida, wasu sun ce ki zuba su duka ki tafi abinki. Ni dai ban bi ko ɗaya ba.

Kafin mu je ko'ina, ki yi haƙuri da wannan tambayar: an raba gado? Mu mata muna da wata ɗabi'a, da uwa ta rasu sai mu ɗauka kayan ado na 'ya'ya mata ne tunda maza ba sa sa zinare. Ba haka shari'a ta ce ba. In ba ta ba ki kyauta tun tana raye kin karɓa ba, gwal ɗin nan dukiya ce kamar gida da gona, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki. In an raba ya faɗo rabonki, ko 'yan'uwa sun yafe miki da bakinsu, shi ke nan. In ba a yi ba, a fara da wannan. Na ga zumuncin da ya watse a kan sarƙa ɗaya.

To, yanzu ga maganar taro. Shekara 14 ke nan aiki yana kai ni irin waɗannan wurare: Arewa House a Kaduna, Gidan Mambayya a Kano, Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa a Abuja, sau biyu ma har Yamai. Ranar da aka fara sa ni a babban tebur na yi abin da zuciyarki take raya miki yanzu. Na ɗaure leshi, na zuba awarwaro shida a hannun dama, na sa sarƙa mai faɗi, ina jin ai Innarmu tana tare da ni. Ashe ni mai magana da hannu ce, ban sani ba sai ranar. Duk sanda na ɗaga hannu sai ki ji kacau-kacau a cikin lasifika, in na ajiye shi a tebur kuma ƙwas. Yaron da ke kula da na'urar magana ya lallaɓo ya raɗa mini, "Anti, ko za a ɗan rage na hannun?" A gaban mutane na zare su ɗaya bayan ɗaya na cusa a jaka. Da aka turo faifan taron daga baya, minti biyar na farko ba ka jin komai sosai sai ƙarar ƙarfe. Igiyar katin shiga da ake rataya wa kowa kuma ta sarƙe da sarƙar, sai da wata baiwar Allah ta tsaya ta warware mini ita a banɗaki.

Daga ranar na gane kuskurena. Ɗakin taro ba filin biki ba ne. A biki ido ake ba abinci, a taro kunne. Duk abin da zai yi ƙara, ko ya ja idon mutane daga bakinki zuwa wuyanki, kishiyar maganarki ce kika tafi da ita.

Abin da na koma yi shi ne na zaɓi abu ɗaya tak. Cikin kayan kakata akwai wani kwabon azurfa babba da aka yi wa kunne aka rataya a zare, irin wanda tsofaffin matan Kano da Katsina da Damagaram suke sawa a wuya. Hoton wata sarauniyar Ostiriya ne a jiki, Mariya Tereza, an kuma rubuta 1780. Fataken da ke ratso Sahara daga Tarabulus ne suka riƙa shigo da irinsa, aka yi ciniki da shi, mata kuma suka mai da shi ado da ajiya a lokaci guda. Na kai wa maƙeri ya sa masa siririyar sarƙar azurfa. Shekaru ina bugun ƙirji cewa abin wuyana ya haura shekara ɗari biyu, sai da wani malamin tarihi ya kalle shi a wajen cin abinci ya yi dariya. Ya ce sarauniyar a 1780 ta rasu, amma an ci gaba da buga kuɗin shekara da shekaru bayanta ba a sauya wannan shekarar ba, saboda 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda ba ita a jiki. Don haka nawa yana iya zama na zamanin kakar kakata, yana iya zama na jiya-jiya. Na ji kunya kaɗan, amma ko a jikina, don ba shekarunsa nake so ba, wuyan da ya zauna a kai nake so.

Kin san abin mamaki? Kwabon nan ya buɗe mini ƙofofin da katin suna bai buɗe ba. A Yamai wata mata 'yar Habasha ta tsallako tebur biyu ta zo ta riƙe shi, ta ce kakarta ma tana da irinsa, a ƙasarsu kuɗi ne da aka daɗe ana kashewa. Muka zauna muka ci abinci tare, har yau muna gaisawa. Mutane da yawa sun manta sunana, amma in an ce "matar nan mai kwabon azurfa" kowa ya gane. A taron mutum ɗari uku, inda rabin mata suka sa abaya baƙa sauran rabin atamfar da ake yayi, samun abin da za a tuna ki da shi ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ni da nake da nauyin baki, ya sauƙaƙa mini: ba sai na nemi abin da zan fara faɗa ba, su suke fara tambaya.

Shi ya sa da na karanta jerin kayanki idona bai tsaya a kan gwal ɗin ba, a kan zoben ya tsaya. Kin ambace shi a ƙarshe kamar abin da ba shi da daraja, amma ina kyautata zaton shi ne wanda ba ta cirewa, wanda kike gani a hannunta tana tuƙa tuwo ko tana jan carbi. Saitin gwal a akwati yake kwana, sai biki ko salla. In so kike ki ji tana kusa, zoben nan ne. Ki sa shi duk kwana ukun. Ba ya ƙara, ba ya jan idon ɓarawo, kuma in gabanki ya faɗi a kan tebur kina iya juya shi da babban yatsa ba wanda ya lura. Ni kwabona nake taɓawa kafin in buɗe baki.

'Yan kunnen gwal ɗin kina iya sawa da rana in ba masu lilo ba ne. Ki tuna mayafi zai rufe wuya, don haka abin da ake gani a jikinmu fuska ce da hannu. Sarƙar da aka kashe dukiya a kanta yawanci a ƙarƙashin gyale take wuni, ga nauyi ga zafi, ba wanda ya gani. Ki ajiye ta sai daren liyafar rufe taro, in akwai, nan ne wurinta. Awarwaro kuwa ɗaya ya isa, a hannun da ba kya rubutu da shi. Kada ki damu da masu cewa ba a haɗa azurfa da gwal. Iyayenmu sun haɗa, ba abin da ya same su.

Tufafi kuma su bi kayan, kada kayan su bi tufafi. Atamfa mai hayaniyar zane tana haɗiye ƙaramin abu. Ranar da za ki yi magana ki sa yadi mara zane, ko shadda mai launi ɗaya, ko atamfa mai sanyin fure. Shuɗi mai duhu irin na karofi yana fito da azurfa ƙwarai, gwal kuma yana son kore da ruwan ƙasa. Ki guji mayafi mai raga ko duwatsu, shi yake kama ɗan kunne ya fizge. Ki tafi da mai ɗan kauri, don sanyin na'urar ɗakunan Abuja ba wasa. Takalmi kuwa wanda kin riga kin saba da shi.

Yanzu ga inda na ƙone, ki saurara da kyau. Zoben mahaifiyata ya ɓata ne a wurin alwala, a wani otal da ba sai na faɗi sunansa ba. Aka tashi sallar azahar, mata sun cika wurin, ana sauri. Na cire shi na ɗora a gefen famfo, na yi alwala, wata ta yi mini magana, na bi ta muka fita. Ina sujada ta biyu na tuna. Kafin in sallame in koma, babu shi babu dalilinsa. Ban zargi kowa ba, wataƙila ma magudanar ruwa ya faɗa, amma na yi kuka ranar kamar a lokacin ta rasu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya malaminmu na islamiyya ya ce ai a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, zoben da ya halatta mutum ya sa ba sai an cire shi ba wajen alwala. Ke ma ki tambayi malaminki ki ji. In kuma lallai sai kin cire, to cikin jaka mai zif, ba gefen famfo ba, ba bakin zane ba, ba kuma "riƙe mini" ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun wannan makon ki kai kayan wajen maƙerin fari wanda gidanku suka sani, ya duba maƙullin sarƙar da bayan 'yan kunnen. Tsohon gwal a nan yake cin amana, musamman ɗan Saudiyya, domin yawancinsa karat 21 ne, yana da taushi, ƙugiyarsa tana buɗewa a hankali ba ki sani ba. Ki duba jikin maƙullin za ki ga lamba ƙanana: 875 shi ne karat 21, 916 karat 22, 750 kuma karat 18, wanda ya fi su ƙarfi don an fi gauraya shi. Azurfa mai kyau takan zo da 925, amma ta tsofaffin maƙeranmu da na Agadas sau da yawa ba lamba, wannan ba ya nufin jabu ce. A auna miki giram a gabanki kafin gyara, a sake aunawa bayan an gama, ki rubuta, kuma ki zauna a wurin har a gama. In zoben ya yi miki yawa kada ki bari a yanke shi. Ki naɗa masa zare ta ciki yadda tsofaffi suke yi. Kada kuma a goge shi ya yi fari tas. Baƙin da ya kwanta cikin zanensa shi ne kyansa, in aka wanke ya zama kamar na kanti.

Turare: ki shafa humrarki ta bushe tukun ki sa kaya. Gwal na gaske ba ya damuwa sosai, amma GL, wato mai ruwan gwal, da murjani da lu'ulu'u suna dushewa. Ni sarƙa biyu masu ruwan gwal humra ta cinye mini kafin in gane.

Hanya kuma, ko mota za ki bi, ko jirgin ƙasa daga Rigasa, ko na sama, kada ki sa gwal a jiki, kada kuma ki sa shi a akwatin da zai rabu da ke. Ƙaramar jaka a cikin jakar hannu, jakar a cinyarki. Zinare ya yi tsadar da iyayenmu ba su taɓa gani ba: a 2020 ya haura dala 2,000 kowace oza, a 2025 ya haura 3,000, ga naira yadda ta koma. Abin da Hajiya ta saya a Makka da guzurin da ya rage mata, yau kuɗin fili ne. A masauki, in ɗakin yana da akwatin ajiya mai lamba ki yi amfani da shi, in babu ki riƙa yawo da abinki. Hoto kuma ki ɗauka yadda kike so, amma ki bari sai kin dawo gida ki ɗora wanda sarƙar ta fito, kada ki haɗa hoton gwal da sunan otal kina ciki. In da ni ce ma, awarwaro uku da suka rage ba za su bar gida ba.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini: ranar farko da kika sa kayan mamaci kika shiga cikin mutane, yana iya taso miki. Wata za ta ce "kai, zoben nan ya yi kyau, ina kika samu?" sai ki ji maƙogwaro ya toshe. Ni a bakin ƙofar shiga abin ya same ni, saura minti goma a kira sunana. Don haka ki fara sa shi tun yanzu a gida, ki je kasuwa da shi, ki je gidan 'yan'uwa, a tambaye ki a can, ki yi kukanki a can. Ki kuma shirya amsa gajera da bakinki zai iya ɗauka. Tawa ita ce, "Na kakata ne, Allah ya jiƙanta." Sai su ce amin, a wuce.

Ki ɗauko hoton zoben da na bayan 'yan kunnen ki turo mini ta akwatin saƙo in gani. In masu murɗawa ne kina lafiya. In masu turawa ne, akwai 'yar roba da ake sawa a baya, ina da saura a gida.