Babban jagoranmu yana keɓewa da yara, an ce in yi shiru domin dattijo ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na shiga aikin sa-kai a rundunar 'yan sikawut da ɗana yake ciki, yara ne 'yan shekara 11 zuwa 15. Ban yi sikawut ina yaro ba, ban iya fareti ba, ƙullin igiya ma yaran ne suke koya mini, har nakan ji kamar ban cancanta ba. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Babban jagoranmu, wanda ya yi kusan shekara 20 a rundunar, yakan ɗauki yaro ɗaya a motarsa ya kai shi gida bayan taro. A zangon da muka yi kwanan nan kuma ya sa wani yaro ya kwana a tantinsa, wai yaron yana jin zazzaɓi. Ban ga wani mugun abu da idona ba. Da na yi wa wani abokin aikinmu magana sai ya ce in ji tsoron Allah, mutumin nan dattijo ne, kowa ya san shi, shi ya horar da rabin jagororin da ke nan. Shin zato nake yi? In yi shiru ne, ko in janye ɗana in bar aikin?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi shiru, kuma kada ka tafi. In ka janye ɗanka, shi kaɗai ka tsamar, sauran yaran suna nan inda ka bar su.

Bari in fara sauke maka ƙaramin nauyin. Rashin iya fareti da ƙulli bai rage ka da komai ba. Tun zangon farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agusta na 1907 da yara kamar 20, kasa su ya yi rukuni-rukuni, kowane rukuni yaro ne ke jan sa. Har yau haka tsarin yake, yara shida zuwa takwas, ɗaya daga cikinsu yana gaba, babba yana gefe yana lura. Yaron da ya koya maka ƙulli aikinsa ya yi, kai ma da ka durƙusa ka koya naka ka yi. Sauran za ka same shi a kwas ɗin horar da jagorori. Wannan ya wuce.

Abin da ya hana ka barci shi ne maganar. Wannan kalma da abokin aikinka ya faɗa maka, “dattijo ne, kowa ya san shi”, na ji ta har na gaji. A shekarun da na yi ina horar da jagorori, da wuya a gama kwas ba wanda ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ai wannan doka don baƙin fuska aka yi ta, mu da muka san juna fa?” Kullum amsata ɗaya ce. Wane uba ne zai miƙa ɗansa ga baƙon fuska ya tafi da shi daji kwana uku? Babu shi. Baƙo bai da hanyar da zai kai ga yaro a cikin runduna. Wanda yake da hanya shi ne wanda aka yarda da shi. Abin da masu aikin kare yara suka tabbatar ke nan a ko'ina cikin duniya, mafi yawan yaran da aka ci zarafinsu sun san wanda ya cuce su, iyayensu ma sun san shi, sau da yawa har suna yabonsa. Saboda haka “kowa ya san shi” shaida ce da ta hau kan jagora nagari, ta kuma hau kan mugu daidai wa daida. Shaidar da ta kasa raba waɗannan biyu, me za a yi da ita?

Mugu ba shi da kama, kuma mai wannan hali ba da yaro yake farawa ba, da manya yake farawa. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya. Shi ke saya wa yaron da iyayensa ba su da hali inifom da ƙyallen wuya daga aljihunsa. Shi ke ɗaukar aikin da kowa ke gudu. In ya gama zama wanda ba a iya yin komai sai da shi, sai ya zaɓi yaro, kuma ba da ka yake zaɓa ba: maraya, ko wanda gidansu ba kwanciyar hankali, ko mai kunya wanda ba ya da abokai, ko wanda aka riga aka yi wa tambarin maƙaryaci, domin in ya yi magana ba wanda zai saurare shi. Sai kyauta, sai yabo, sai ɗan sirri tsakaninsu wanda bai taka kara ya karya ba. Sai ya taka doka kaɗan a gaban jama'a ya ga ko akwai mai ɗaga kai. In ba a tanka ba, ya ƙara taku ɗaya. Kowane taku yana da hujjarsa mai kyau, dare ya yi, hanyarmu ɗaya, yaron ba shi da lafiya. Wanda ke jiran sai ya ga mugun abu da idonsa kafin ya yi magana zai daɗe yana jira, domin ba a gaban shaida ake yin sa ba.

Kada ka ce ƙirƙira nake yi don in tsorata ka. A 2012 kotun ƙolin jihar Oregon ta Amurka ta sa aka buɗe fayiloli fiye da 1,200 na sirri da ƙungiyar sikawut ta ƙasar ta tara daga 1965 zuwa 1985 kan manyan da aka zarga da lalata da yara. Abin da aka gani a ciki ya fi laifin kansa tayar da hankali. Sau da yawa ba a kai maganar ga 'yan sanda ba, sai a ce wa mutum ya ajiye aiki cikin mutunci, wasu kuma suka sake ɓullowa a wata runduna. A watan Fabrairu na 2020 ƙungiyar ta shigar da takardar durƙushewa a kotu, wato ta ce ba za ta iya biyan abin da ake bin ta ba, saboda yawan ƙararraki, mutum fiye da 82,000 suka fito suka ce an cuce su suna yara, aka kafa asusun diyya na sama da dala biliyan 2. Waɗanda suka yi wannan ɓarna ba daga daji suka faɗo zango ba. Da inifom ɗinsu suke, da lambobinsu, da mutanen da suka yi ta rantsuwa a kansu.

Yanzu ka saurare ni da kyau, domin nan ne mutane ke ruɗewa. Ban ce dattijon nan mugu ne ba. Ban san shi ba, kai ma ba ka san cikinsa ba. Yana iya yiwuwa mutum ne mai tausayi wanda ya saba da yadda ake yi a da. Amma ba wanda ya ɗora maka aikin gano abin da ke zuciyarsa. Dokar da ƙungiyoyin sikawut suka kafa bayan sun sha wannan ɗaci ba ta tambayar halin mutum. Manya biyu a kowane taro da kowace fita. Babba ba ya keɓewa da yaron da ba nasa ba inda ido bai kai ba. In magana ce ta sirri, a yi ta a gefe amma a fili, inda ake hango su. Babba ba ya kwana tanti ɗaya da yara. Saƙon waya ga yaro sai da sanin mahaifinsa ko wani jagora a ciki. Mota kuwa ɗaki ce mai tafiya, hukuncinsu ɗaya. A Ingila kowane jagora yana riƙe da wani ɗan kati ruwan ɗorawa da aka rubuta irin waɗannan ƙa'idoji a kai, sabo da tsoho, ba a ware kowa.

To ka ga amsar tambayarka. Zato shi ne ka ce ya aikata abin da ba ka gani ba. Kai kuwa abu biyu ka gani da idonka, mota da tanti, kuma dukansu karya doka ne ko da bai taɓa yaron ba. Faɗin abin da ka gani ga wanda alhakin ya rataya a wuyansa ba gulma ba ce, ba ƙazafi ba ne. Tsoron Allah da aka tuna maka, ka riƙe shi, amma ka tuna amanar wa aka ba ka. Kuma duk mai ƙaunar dattijon nan da gaske ya kamata ya fi kowa son a hana shi keɓewa, domin ranar da wani yaro ya furta wata kalma a kansa, gaskiya ko ƙarya, shekarunsa 20 ba za su zame masa shaida ba. Babba na biyu da ke wurin ne kaɗai zai iya cewa ina nan, ba a yi ba.

Maganar zazzaɓin ma ta ɓata mini rai ta wata fuskar. Yaro yana zazzaɓi a zango, abin yi shi ne mai taimakon gaggawa ya duba shi da wani babba a tsaye, a kira iyayensa a daren, a rubuta a littafin zango, a kwantar da shi a tantin jinya kusa da manya, in jikin ya ƙi a kai shi asibiti. Shin an kira iyayen yaron? Ka bincika. In ba su ma san ya kwana can ba, wannan shi ma ka rubuta shi.

Akwai wasu da za su ce maka ai an tantance shi, ga fom ɗinsa a fayil. Na san irin wannan tantancewa. A cike fom, a rubuta sunan mutum biyu masu shaida, a buga hatimi, a jefa a durowa, ba wanda ya ɗaga waya ya kira ko ɗaya daga cikinsu. Ko inda ake binciken tarihin laifi a wurin hukuma, abin da takardar ke nunawa shi ne ba a taɓa kama shi ba, iyakarta ke nan. A yi ta, tana da amfani, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar tana faruwa ne a mota da tanti da waya, wuraren da takarda ba ta zuwa. Haka nan kada 'ya'yan katakon nan biyu da ke rataye a wuyan wani su rufe maka baki. Lamba ce mai daraja da ake kira Wood Badge, tun 1919 aka fara ba da ita a Gilwell, cibiyar horar da jagorori a Ingila, ga wanda ya kammala horon jagoranci, amma alama ce ta an koya masa doka, ba izinin tsallake ta ba. Wanda ya fi kowa lambobi shi ya kamata ya fi kowa kiyayewa.

Ga abin da za ka yi. Yau ɗin nan ka zauna ka rubuta abin da ka gani, rana, wuri, wa da wa ke nan, ba ƙari ba fassara. Ka kai wa jami'in kare yara na ƙungiyarku, a matakin da ke sama da rundunar, domin ba a kai ƙarar mutum wurin wanda shi ya horar. Ka miƙa a rubuce, ka riƙe kwafi. In an ce maka babu irin wannan jami'i ko babu doka a rubuce, ka tuna musu cewa babban taron sikawut na duniya ya amince da manufar kare yara daga cutarwa a Baku, babban birnin Azerbaijan, a 2017, kuma ana sa ran kowace ƙungiyar ƙasa ta kasance da tata. Ka nemi a ba ka ita a hannu. In mako biyu suka wuce ba ka ji komai ba, ka haura sama. In aka ce a bar kaza cikin gashinta, a sasanta a cikin gida, ka ƙi.

Kada ka watsa maganar a zauren WhatsApp na iyaye. Za ka ɓata sunan mutumin da mai yiwuwa bai yi komai ba, ka tona asirin yaro, ka kuma ba mai laifi, in akwai shi, damar shirya bakin kowa. Kada ka tare dattijon da zargi. Kuma don Allah kada ka ja yaron gefe ka yi ta yi masa tambayoyi. Wannan aikin waɗanda aka horar ne, tambayar da ba a iya ba takan sa wa yaro magana a baki, ta lalata shaidarsa daga baya. In shi da kansa ya zo maka da magana, ka saurara ba tare da ka nuna firgita ba, ka ce masa ya kyauta da ya faɗa kuma ba laifinsa ba ne. Kada ka yi masa alkawarin ɓoyewa, ka gaya masa dole ka sanar da waɗanda za su taimake shi. Ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. Daga nan magana ta fita daga hannun runduna, a ranar za a kai ta ga 'yan sanda ko hukumar kula da yara.

Ɗanka kuma, ka zauna da shi ba tare da ka ambaci sunan kowa ba. Ka gaya masa ba babban da ke da ikon ce masa ya ɓoye maka wani abu, ko wane ne shi, kuma in aka ce ya biyo wani shi kaɗai yana da damar cewa sai da abokinsa.

Kafin amsa ta zo daga sama, kai ne babba na biyu. Ka nemi a karanta ƙa'idojin a taron jagorori na gaba a matsayin tunatarwa ga kowa, har da kai. A tsara yadda kowane yaro zai koma gida tun kafin a watse, ta yadda ba wanda zai rage shi kaɗai. In duk da haka ka ga dattijon ya buɗe wa yaro ƙofar mota, ka gaishe shi da ladabi, ka ce za ka raka su, ka buɗe ƙofar baya ka shiga. Ka lura da yadda zai karɓi abin, shi ma ka rubuta.