Me Ya Sa Ba a Ga Boron a Iyakar Ƙwayoyin Nikel Ba?

Ƙanena, ka rubuto daga Yelwa a Bauchi cewa ka duba gamin nikel mai jure zafi, irin na injin jirgin sama, da madubin SEM, wato na'urar girmama ƙananan abubuwa mai duba saman samfuri da hasken lantarki, amma sinadarin boron bai bayyana a iyakar ƙwayoyin ƙarfen ba, wato inda ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa ƙarfen suke haɗuwa. Rashin ganinsa ba ya nufin babu shi. Boron yakan taru a siririn layin da kaurinsa bai wuce nanomita 1 ko 2 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali hasken lantarkin SEM yana kwaso bayani daga faɗin kusan maikiromita 1 (nanomita 1,000), wato kamar neman ƙwayar gero a cikin buhun masara ne.

A ganina, madubin TEM kake bukata, wanda haskensa yake ratsa siririn samfuri. Sai an fere samfurin har kaurinsa ya yi ƙasa da nanomita 100, sannan a karkata shi har iyakar ta tsaya daidai da hasken, domin in ta kwanta sakamakon zai gauraye. Ka auna da EELS, wato hanyar gane sinadari ta ƙarfin da hasken lantarkin ya rasa yayin ratsa samfurin, tunda EDS, mai gane sinadari ta hasken X-ray da yake fitarwa, ba ya kama sinadarai marasa nauyi sosai. Ka kuma yi hattara da farar wuta, mai sa iyakar tsagewa, domin alamarta a EDS tana hawa kan ta ƙarfen molibdinom.