Tambaya da Amsa: Sabuwar manhajar Wyse ta ƙi karanta tsohon saitinmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kula da ƙananan kwamfutoci guda 60 na Dell Wyse a ofishinmu, irin waɗanda ba sa ajiye aiki a cikinsu sai dai su jawo komai daga sabar. Yawancinsu 3040 ne da 5070, sai tsofaffi ƙirar 5010 guda takwas. Duka suna kan ThinOS 8.6, wato manhajar da ke tafiyar da su, suna ɗaukar saiti daga fayil ɗin wnos.ini. Na ɗaga guda ɗaya zuwa ThinOS 9, ta tashi ba adireshin Citrix (manhajar da ke haɗa su da aikin da ke kan sabar), ba firinta. Ina na yi kuskure, kuma yaya zan yi da sauran?
Daga wani mai karatu, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba hannunka ne ya jawo ba. ThinOS 9, wadda Dell ta fitar a 2020, ba gyaran fuska aka yi wa 8.6 ba, sabon gini ne daga tushe, kuma kwata-kwata ba ta karanta wnos.ini. Saiti yanzu ta hanya biyu yake shiga: ko ta Wyse Management Suite, wato WMS, manhajar da ake sarrafa duk na'urorin da ita daga wuri ɗaya, ko a zauna gaban kowace na'ura a shigar da hannu. Da guda 60 a wuyanka, WMS ce mafita, kuma nau'inta na kyauta zai ishe ka.

Fara da ware tsofaffin. 5010 ba ta hawa ThinOS 9, don haka takwas ɗin nan za su ci gaba da zama kan 8.6. Kada ka rufe sabar da wnos.ini yake kai muddin suna aiki.

Babban aikin shi ne kwashe tsohon saiti, kuma a nan mutane suka fi yin gaggawa su yi nadama. Buga wnos.ini a takarda, ka bi shi layi-layi da biro. PnliteServer shi ne adireshin Citrix ɗinka, TimeServer agogo, AddCertificate takardun shaidar tsaro, Privilege kuma iyakar abin da ma'aikaci zai iya taɓawa. Kowane layi ka nemo takwaransa a WMS. Ka leƙa cikin jakar inc ma, domin nan ake ajiye fayilolin da aka sa wa lambar MAC (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok) ta na'ura ɗaya tak. Sau da yawa firintar ofishin kuɗi ko allo biyu na teburin shugaba a can suke ɓoye, ba wanda ya tuna da su sai ranar da suka daina aiki. Irin waɗannan ka yi musu ƙaramin rukuni a ƙarƙashin babban, su gaji saitin gama-gari sannan ka ƙara musu nasu. Ka lura kuma cewa a WMS shafin saitin ThinOS daban, na ThinOS 9.x daban, cike na farko ba ya cike na biyu. Sai na biyun ya kammala tukuna za ka taɓa manhajar kowace na'ura.

Ba komai ne ke gogewa yayin sauyawar ba. Adireshin WMS da kalmar rukuni (wadda na'ura ke shiga rukuninta da ita a WMS), takardun shaida da saitin waya-fai suna tsallakewa zuwa sabuwar manhaja. Banda WEP, tsohon tsarin tsaron waya-fai, wanda ThinOS 9 ta daina karɓa. Idan da shi kuke aiki, ku koma WPA2 tun kafin ranar. Don na'ura ta gano WMS da kanta, sa adireshinta a zaɓi na 165 a DHCP (tsarin da ke raba wa na'urori adireshi a netwok), kalmar rukuni a na 199. Na 161 shi ne na tsohuwar sabar fayil, a bar shi saboda 5010.

Daga nan sai bin tsari: kai na'urar ga siga ta ƙarshe a jerin 8.6, sabunta BIOS (ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura), sannan ka tura mata hoton sauyawa zuwa 9, wato fayil ɗin da ke ɗauke da manhajar. Bayan ta tashi, manhajar Citrix ba ta zuwa a ciki kamar da, ƙunshi ce daban da za ka tura ta WMS. Wannan kaɗai zai iya zama rabin abin da ka gani a na'urarka ta gwaji.

Gwada guda uku, 3040 ɗaya, 5070 ɗaya, da wadda ke da firinta, ma'aikata su yi mako guda a kansu. In babu kuka, ka riƙa ɗaga goma-goma bayan an tashi aiki. Kuma ina roƙonka, kada ka fara sai janareta ko inbata na riƙe da na'urorin da suwic ɗin da ya haɗa su. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a ma'ajiyar ciki, na'urar na iya ƙin tashi, sai an sake zuba mata manhaja da filashi.

TAMBAYA: In ban ji daɗin 9 ba, zan iya komawa 8.6?

AMSA: Za ka iya, amma ba ta WMS ba. Sai ka haɗa filashi da Dell Wyse USB Imaging Tool da hoton 8.6 na ainihin ƙirar, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da ke ciki zai goge. Haɗa filashin nan tun kafin ka fara, ka gwada shi a kan wadda ka riga ka ɗaga. Bayan sauyawa kuma ka sa wa BIOS kalmar sirri: in wani ya goge TPM, sashen da ke ajiye makullan tsaro, ko ya mayar da BIOS yadda ya fito daga kamfani, ThinOS 9 ba za ta tashi ba, sai filashin nan ne zai dawo da ita.