Tiyon birkin tsohuwar Kanta: wanne za ka sayo?

Ka ce ka je kasuwa neman tiyon birkin Kantar nan, na ƙafar gaba ta dama, an ajiye maka kala uku: na Beljiyam da aka ciro daga jikin wata mota, da sabo mai araha a leda, da sabo mai tsada a kwali. Kana tambaya wanne za ka ɗauko, kuma me ya sa na ce ba tiyo ɗaya za mu canza ba. Madalla da ka dawo ka tambaya kafin ka biya kuɗi, yarona. Jawo benci ka zauna.

Na Beljiyam dai ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Ba ni da faɗa da kayan Beljiyam, kai shaida ne ina sayen giya da durom na hannu, don ƙarfe ana iya auna shi a ga inda ya ci. Roba kuwa tsufa take yi, ko tana aiki ko tana rataye a shago. Tiyon birki hawa-hawa ne: akwai robar ciki da man birki ke bi, akwai saƙar zare da ke riƙe ƙarfin matsi, sannan fatar waje. Fatar nan kaɗai idonka ke gani, kuma mai shago ya goge ta da tsumma tana ƙyalli. Ta ciki tiyo ke fara mutuwa. Robar ciki sai ta kumbura, ko ta ɓare ta toshe hanya. In direba ya taka birki, masta, wato famfon da fedar birki ke dannawa, na turo mai da ƙarfi, sai ya kutsa ya wuce. In ya ɗaga ƙafa, ba abin da ke mayar da man sai sifirin ɗin takalmin birki, shi kuwa ƙarfinsa bai kai ba, sai man ya maƙale a ƙasa. Daga nan ƙafar motar ta riƙe, durom ya yi zafin da ba ka iya kai hannu, mota ta riƙa fizgar sitiyari gefe guda. Da yawa a nan sukan kwance silinda, wadda ke tura takalmin birki a cikin durom, su canza robobi, wasu har masta suke canzawa, ciwon na nan bai tafi ba. Ga yadda za ka kama shi. Ɗaga ƙafar da jak, a taka birki a saki, ka juya taya. In ta ƙi juyawa, sassauta notin da ke saman tiyo, wajen shasi. In har yanzu tana riƙe, buɗe nipul ɗin silinda, ɗan notin da ake fitar da iska ta cikinsa. Da mai ya tsarto taya ta saki, to laifin yana tsakanin wuraren nan biyu, wato tiyo ne. Kuma ka daina matse tiyo da filaya don kada mai ya zuba yayin aiki; na ga kana yi. Haƙoran filaya na karya robar ciki, kai ne za ka haifar da ciwon da hannunka.

Saura sababbin biyu. Kwali ba ya tsayar da mota, tsada ma ba shaida ba ce. Fito da tiyon ka karanta jikinsa. Na ƙwarai za ka ga an buga masa SAE J1401, wato ma'aunin da ake gwada tiyon birkin mai da shi, sau da yawa har da DOT, alamar hukumar sufuri ta Amurka, da faɗin ramin ciki, galibi 1/8 na inci ko milimita 3.2, da alamar kamfanin da ya yi shi, da lokacin da aka yi shi. Duba kwanan watan nan da kyau. Tiyon da ya shekara goma a shago yana shan zafi da ƙura, sunan sabo kawai gare shi. Wanda ba rubutu a jikinsa ko kaɗan, mayar wa mai shi. Amma masu jabu su ma sun iya buga rubutu, saboda haka hannu sai ya taya ido. Murza rubutun da babban yatsa ka ga ko zai goge. Lanƙwasa tiyon ka ga ko fatar za ta yi tsage-tsage ko ta karye wuri guda. Sannan ka dubi inda aka matse ƙarfe a kan roba, a kai biyun: matsin ya zama daidai ko'ina, kuma in ka riƙe ƙarfen ka murɗa robar kada ta motsa ko kaɗan. A nan jabu ya fi tsinkewa. Ka kuma sayi kaya wurin wanda ya san ka, wanda in ka dawo da abu zai karɓa.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne ka shiga shago ka ce "a ba ni tiyon Kanta", a miƙo maka, ka juyo. Mitsubishi na ƙera Canter tun 1963, zubi bayan zubi, kowanne da irin kayansa. Ban da wannan, motar da ke gabanmu ba ita ce ta fito daga kamfani ba. Ta bi ta hannun makanikai da yawa kafin mu. Wasu daga cikin motocin nan ma da sitiyari a dama suka zo daga Japan, aka juya shi zuwa hagu, aka matsar da masta, aka ja sabon bututu da duk abin da ya samu. Wasu an canza musu ƙafar baya gaba ɗaya da ta wata mota. Don haka ka rubuta lambar shasi, amma kada ka dogara da ita kaɗai. Tsohon tiyon a hannunka za ka je da shi, har da notin bututun da yake ɗauruwa a kansa.

Notin nan yana da dalili. Motocin Japan irin wannan galibi haƙorin notinsu na milimita 10 ne. Akwai kuma na inci, 3/8, da ake samu a motocin Amurka da tsofaffin na Ingila, faɗinsa kamar milimita 9 da rabi. Ido ba ya raba su. Na incin zai shiga ramin na milimita, ya juya lafiya lau, har ka ɗaure ka ji kamar ya kama. Ranar da direba ya danna birki da dukan ƙarfinsa a gangara, da buhunan masara har sama, ranar zai zame ya fita. Gwada da yatsu kawai, ban da sifana: noti na gaskiya yana shiga sumul, ba ya karkaɗawa, ba ya kuma cijewa a hanya. Sai ka leƙa cikin ramin. Bakin bututun Japan a buɗe yake kamar mazurari, yana zama a kan ɗan tsini da ke cikin kan tiyo. Na Turai da yawa bakinsa a dunƙule yake, shi ke shiga cikin rami. In ka haɗa wannan da wancan, ko ka ɗaure har sifana ta lanƙwashe sai ya yi yoyo. Kada in ga ka naɗa wa haƙori farin tef na masu famfo. Ba haƙori ne ke tare mai ba, bakin bututu ne. Inda kuma tiyo ke da zobe a kai, ana ɗaure shi da ƙusa mai rami, washa biyu na jan ƙarfe da ke gefensa sababbi ake sawa kowane lokaci.

Tsawo ma ka auna shi a jikin motar. Ka lura an ƙara wa wannan ganyen sifirin a baya don ta ɗauki lodi? Jiki ya ɗaga ke nan, tazarar shasi da ƙafa ta ƙaru, tiyon baya na asali yanzu ya yi mata kaɗan. Da lodi ba za ka gane ba. Sai ta sauke kaya ta faɗa rami, ƙafa ta yi ƙasa, ta fizge shi. Ɗaga motar ta shasi, ƙafafu su yi lilo, tiyo ya kasance da sauran lanƙwasa. A gaba kuma karya sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, kada ya miƙe tsaf, kada kuma ya taɓa taya ko sifirin. Mai tsawo da yawa shi ma taya za ta cinye shi. Layin da ke bin jikin tiyo daga kai zuwa kai, an yi shi ne don ka ga ko ka murɗe shi wajen ɗauri. Riƙe kan tiyo da sifana ɗaya, ka juya notin bututu da ɗaya, ka mayar da makullin da ke riƙe shi a shasi.

Dalilin da ya sa na ce ba ɗaya ba: na hagu da na dama rana ɗaya suka fara aiki, rana ɗaya suka sha. In ka sa sabo a gefe guda, tsohon yana kumbura yana shanye matsi, birki ba zai kama daidai ba. Na baya ma sa'ansu ne. A canza duka, kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba.

Silindar ƙafa, in ka buɗe durom ka ga ta jiƙe, duba girman da aka rubuta a jikinta, ko ka auna ramin, ka sayo daidai shi. Babba a hagu ƙarama a dama, mota za ta ja. Wasu Kantocin silinda biyu ne a kowace ƙafa, kowace da mazauninta, don haka ka yi musu alama kafin ka kwance. In ramin ya yi tsatsa har farce na kamawa, sababbin robobi asarar kuɗi ne, silindar za a canza. Bututun ƙarfe da ya ruɓe kuma kada a musanya shi da na jan ƙarfe irin na firiji. Girgiza na busar da shi ya tsage. Bututun birki na gaskiya za ka nema.

Sai man birki. Nemi mai lambar DOT 3 ko DOT 4, a gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana shan laima daga iska, in ya sha sai su sauko zuwa wajen 140 da 155, kuma durom mai lodi a doguwar gangara yana iya kai mai can. In ya tafasa, feda ta tafi ƙasa fayau. DOT 5 wani iri ne dabam, ba a haɗa shi da waɗannan. Baƙin mai, man giya, fetur, kananzir, gas, ko ɗigo kada ya taɓa robar birki, kumbura ta suke yi. Da man birki ake wanke kayan birki. Ka tambayi direban ko an taɓa zuba mata ruwan omo a madadin man birki a hanya, kada ka ji nauyinsa. In an taɓa, sai mun zubar da komai mun buɗe masta mun duba tsatsa.

In ka gama ɗauri ka fitar da iska, fara daga ƙafar da ta fi nisa da masta, kana duba kofin mai kada ya ƙafe. Sa ƙaninka ya taka feda da ƙarfi ya riƙe rabin minti, kai kana ƙarƙashi da fitila, kana bin kowane tiyo da hannu ko zai kumbura, kowane noti ko zai yi gumi. Feda kada ta sulale ƙasa. Bayan nan ka kira ni, sai na zagaya da ita na taka da ƙafata kafin a ba direba makulli.