Yaron da halinsa ya sauya bayan rasuwar mahaifinsa

Malama, kin tambaya ko ya dace ki kai ɗanki mai shekara 7 wurin masanin halayyar yara, tunda bayan rasuwar mahaifinsa ya koma fitsarin kwance, yana kuma dukan ƙannensa. Ƙwarai ya dace, kuma wannan ba hauka ba ne. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Sai dai ki riƙa halartar zaman da kanki. Yaro mai waɗannan shekaru bai iya bayyana baƙin cikinsa da baki ba, shi ya sa ake ba shi takarda da fensir ko kayan wasa, a lura da abin da yake zanawa. Na sha gani, muddin ana dukansa a gida don ya jiƙa tabarma, jinyar ba ta yin tasiri.